Karayar ƙugu da aikin sa ƙarfe a cikin ɓargo: jagora ga iyalan mara lafiya

Yawanci abin ba wani babban haɗari ba ne. Tsohuwa ce za ta zame a banɗaki wajen alwalar asuba, ko tsoho ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa an ɗauke wuta, sai a tarar da shi a ƙasa ya kasa tashi. Idan kun duba za ku ga ƙafa ɗaya ta gajarce, tafinta ya kwanta ya kalli waje, kuma ko ɗan motsa ta aka yi sai ihu. Ciwon yana matsematsi ne ko gefen ƙugu, wani lokaci ya sauka har gwiwa. Wannan ita ce karayar ƙugu, wato tsinkewar ƙashin cinya daga can sama, kusa da inda yake shiga gurbinsa. Matasa ma suna samunta, amma su sai da ƙarfi, kamar haɗarin babur ko faɗowa daga gini.

Abin da ya kamata iyali su riƙe tun farko shi ne, a wajen tsoho ba karayar ce ke kisa ba, kwanciyar ce. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta rubuta a jagorarta ta 2011 cewa kimanin mutum ɗaya cikin goma masu wannan karaya yana rasuwa cikin wata guda, kimanin ɗaya cikin uku kuma cikin shekara. Abin da ke ɗauke su shi ne ciwon huhu, gudan jini, gyambon kwanciya da tsofaffin cututtukan da kwanciya ke tayarwa. Don haka duk hikimar sa ƙarfe ita ce a tayar da mutum daga gado da wuri, tun kafin ƙashin ya haɗe.

Mataki na farko: daga inda ya faɗi zuwa asibiti

Kada a tayar da shi tsaye don a gwada ko zai iya takawa. Kada a ja ƙafar, kada a murza ta da man zafi. A sa matashi ko nannaɗaɗɗen zane tsakanin ƙafafun, a ɗaure su tare a gwiwa da idon sawu ba tare da matsewa ba, sannan mutum uku ko huɗu su ɗaga shi a kan bargo mai kauri ko faffaɗan katako. A nemi motar da zai miƙe a ciki. A-daidaita-sahu ba wurin mai wannan karaya ba ne. A tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da jiƙe-jiƙe da na gargajiya, a kuma lura da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe.

A nan ne maganar mai ɗori take shigowa, kuma a nan ne gidaje da yawa suke asarar makonni. Ba raina sana'ar ba ne, amma wannan karaya tana binne ne a ƙarƙashin manyan tsokoki, ba wurin da za a kafa karan ɗori ya riƙe ta. Abin da zai faru shi ne a kwantar da tsoho wata biyu ko uku, ƙashin ya haɗe a karkace idan ma ya haɗe, ƙafa ta gajarce, baya ya yi gyambo. Kuma idan aka wuce kamar mako uku, ƙashin ya fara ɗinkewa a gurguje, aikin da da za a yi ta ƙananan tsagu sai an buɗe wurin sosai, jini ya fi zuba, kuɗi su ƙaru.

Ku nufi inda akwai likitan ƙashi. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai asibitin koyarwa na Shika, haka ma sauran asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya. Idan ƙaramin asibiti ne ya fi kusa, a je a ba shi maganin ciwo da takardar turawa, amma kada a zauna a can ana jiran gobe.

Mataki na biyu: hoto, da gane irin karayar

Za a ɗauki hoton ƙashi ta fuska biyu, ta gaba da ta gefe, sau da yawa a haɗa da cinyar gaba ɗaya. Idan hoto bai nuna komai ba amma mutum ya kasa taka ƙafa, ba a sallame shi haka nan. Ana neman hoton MRI ko CT, masu nuna cikin jiki dalla-dalla, domin akwai tsagewar da ba ta fitowa a hoton farko.

Saman ƙashin cinya yana da kai mai kama da ƙwallo, da wuya, sannan da wasu tudu biyu, babba da ƙarami, inda tsokoki suke kamawa. Wurin da aka karye shi ke yanke irin aikin. Idan a wuya ne kuma ƙashin ya goce, jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan sukan tsinke, kan ya mutu. Shi ya sa a tsofaffi likita kan cire kan ya sa na ƙarfe. Wannan wani aiki ne daban. Idan kuwa karayar tana tsakanin tudun biyu ko ƙasa da su, wurin yana da wadatar jini, yana haɗewa da kyau idan an riƙe shi. Nan ne ake da zaɓi biyu: farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a gefen ƙashi, wanda likitoci ke kira DHS, ko kuma sandar ƙarfe da ake zurawa cikin ramin ɓargo.

Idan karayar ta rabu biyu ne cif, farantin ya wadatar, kuma ya fi araha. Kada ku ɗauka duk wanda aka sa wa faranti an rage masa wani abu. Sandar cikin ɓargo ta fi dacewa ne idan ƙashin ya farfashe gida uku ko huɗu, ko layin karayar ya juya ta baibai, ko tana ƙasa da ƙaramin tudun, ko kuma wata cuta kamar daji ce ta cinye ƙashin. Dalili kuwa, tana zaune ne a tsakiyar ƙashi, kusa da layin da nauyin jiki ke sauka, kamar rodi a cikin ginshiƙin siminti, don haka tana ɗaukar nauyin da zai iya lanƙwasa farantin da ke gefe.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, ya zura ƙarfe a ɓargon cinya a garin Kil tun a 1939. Irin wanda aka ƙera musamman don ƙugu, mai suna Gamma, ya fito a ƙarshen shekarun 1980, daga baya wasu irinsu PFNA suka biyo. Akwai kuma na ƙungiyar SIGN da Dakta Lewis Zirkle ya kafa a Amurka a 1999, waɗanda aka tsara don asibitocin da ba su da na'urar ɗaukar hoto a ɗakin tiyata.

Mataki na uku: shirin aiki

Ƙa'idar da aka yarda da ita a duniya ita ce a yi aikin cikin awa 24 zuwa 48. A wajenmu abin da ke jawo jinkiri ba ɓoyayye ba ne: haɗa kuɗin ƙarfe, neman jini, da jiran layin tiyata. Biyun farko suna hannunku. Tun ranar farko a raba aiki: wani ya tsaya da mara lafiya, wani ya bi maganar kuɗi da takardun inshora idan akwai, wani ya tattaro 'yan uwa biyu ko uku masu ƙoshin lafiya su ba da jini. Wannan karaya tana zubar da jini a ɓoye cikin cinya, mutum ya yi fari fat ba a ga ko ɗigo a waje ba.

Za a auna yawan jini da rukuninsa, aikin ƙoda, sukari, a yi gwajin zuciya, wani lokaci da hoton ƙirji. Idan akwai hawan jini ko ciwon suga ko ƙarancin ruwa a jiki, za a daidaita su cikin gaggawa, ba wai a jira su warke ba. Ku gaya wa likita ƙarara idan yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko clopidogrel, domin suna shafar lokacin aiki da irin allurar da za a yi.

Maganin ciwo haƙƙinsa ne, ku nema. Farasitamol a kan lokaci, da mai ƙarfi idan ya kama, kuma a inda ake da ƙwarewar ana yin wata allura a matsematsi da ke kashe ciwon cinyar na sa'o'i. Kada ku sayo diclofenac ko ibuprofen daga kemis ku ba tsoho a ɓoye. Suna iya taɓa ƙoda da tayar da gyambon ciki. Jan ƙafa da nauyi da ake ratayawa a ƙarshen gado kuwa, abin jira ne kawai, ba ya maye gurbin aiki.

Kafin ku sa hannu a takardar amincewa, ku yi wa likita tambayoyi huɗu ba tare da jin nauyi ba: wace irin karaya ce, me ya sa ya zaɓi sanda ba faranti ba, akwai na'urar hoto mai aiki a ɗakin tiyatar, kuma yaushe mara lafiya zai fara takawa. Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan.

Azumin tiyata awa shida ne ga abinci, awa biyu ga ruwa zalla, sai dai in an ce muku wani abu daban. Idan aka ɗage aikin, a ba shi abinci nan take. Ana yawan barin tsofaffi da yunwa kwana biyu a jere saboda ɗage-ɗage, kuma hakan yana karya su.

Mataki na huɗu: abin da ke faruwa a ɗakin tiyata

Yawanci allurar baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, mutum yana farke ko yana ɗan gyangyaɗi. Wani lokaci a sa shi barci gaba ɗaya. Duka biyun hanyoyi ne karɓaɓɓu, likitan barci ne zai duba wanda ya dace. Cikin awa ɗaya kafin a tsaga fata ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, da yawa kuma suna ƙara maganin rage zubar jini.

Ana kwantar da shi rigingine a kan wani gado na musamman, a ɗaure sawun ƙafar da ta karye cikin takalmin da ke jikin gadon. Daga nan sai a ja ƙafar a hankali, a juya ta ciki, har ɓangarorin ƙashin su koma mazauninsu, ana kallo ta wata na'urar hoto mai siffar harafin C da ke zagaya cinyar. Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka. Ƙarfe ba ya gyara ƙashin da ba a daidaita ba, sai dai ya riƙe shi a yadda ya same shi. Idan jan bai wadatar ba, likita zai yi ƙaramar tsaga ya tura ƙashin da kayan aiki, ko ya buɗe wurin. Mafi munin kuskure shi ne a bar wuyan ya sunkuya ƙasa, domin irin wannan ne ke sa ƙarfe ya ɓalle daga baya.

Bayan an wanke fata an lulluɓe, sai a yi tsaga ta kimanin santimita 3 zuwa 5 a gefen ƙugu, sama da babban tudun. Ta nan ake kafa siririyar waya a kan tudun, a duba a hoto ta fuska biyu cewa ta nufi tsakiyar ramin ɓargo. Wurin shigar nan yana da muhimmanci ƙwarai: idan ya karkata waje kaɗan, sandar za ta ture karayar ta buɗe ta. Sai a bi wayar da abin huda a faɗaɗa ƙofa, idan ramin ɓargon ya matse a ƙara yashe shi.

Ita sandar yawanci da ƙarfen titaniyom ake yin ta, kaurinta milimita 9 zuwa 12. Akwai gajera, wadda ba ta wuce santimita 17 zuwa 24 ba, akwai doguwa mai kaiwa kusa da gwiwa. Doguwar ake zaɓa idan karayar ta gangara ƙasa ko ƙashin yana da cuta a tsawonsa. Ana ɗaura ta a wani mariƙi da ke tsaye a wajen jiki, a tura ta da hannu ana ɗan jujjuyawa, ba da dukan guduma mai ƙarfi ba, don kada tsohon ƙashi ya tsage.

Mariƙin nan yana da ramuka da suka yi daidai da na sandar da ke ciki. Ta cikinsu ake yin tsaga ta biyu, a tura waya ta ratsa sandar ta haura wuya zuwa cikin kan ƙashin, a kusurwar digiri 125 ko 130. A auna tsawo, a huda, sannan a ɗaura babban noti mai kauri, ko wani irinsa mai baki kamar murɗaɗɗiyar wuƙa da ke danne ƙashi mai laushi maimakon ya yashe shi. Inda bakin notin ya tsaya shi ne abu na biyu da ke yanke nasarar aikin. Ana so ya zauna a tsakiyar kan, ya shiga da zurfi. Likitan Amurka Michael Baumgaertner da abokan aikinsa sun nuna a 1995 cewa idan aka haɗa tazarar da ke tsakanin bakin noti da ƙololuwar kan a hotuna biyu, aka samu ƙasa da milimita 25, da wuya notin ya yanko ƙashi ya fito. Har yau da wannan ma'auni ake aiki.

A yawancin karaya ana barin notin yana iya zamewa kaɗan a cikin sandar. Da gangan ne: duk lokacin da mutum ya taka, ɓangarorin sai su matsu da juna, matsuwar kuma ita ke sa ƙashi ya haɗe. A ƙarshe a sa ƙaramin noti ɗaya ko biyu a ƙasan sandar don kada ta juya, a ɗauki hoton ƙarshe, a ɗinke. Idan komai ya tafi daidai, aikin kansa bai cika wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, ko da yake shiri da farfaɗowa za su sa ku jira fiye da haka a bakin ƙofa.

Mataki na biyar: kwanakin farko a gadon asibiti

Washegari za a sake auna jini. Idan ya sauka sosai, a ƙara masa. A ranar ce kuma ya kamata masu gashin ƙashi su zaunar da shi a bakin gado, su tsayar da shi da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. A nan iyali kan zama cikas saboda tausayi: "Ku bar Baba ya huta, jiya fa aka yi masa aiki." Tausayin gaskiya shi ne a taimaka masa ya tashi. Yawancin tsofaffi ana ba su izinin taka ƙafar gwargwadon yadda za su iya jurewa tun daga farko, sai dai idan likita ya hana saboda yanayin karayar. A ba da maganin ciwo kamar rabin awa kafin atisaye.

Za a fara allurar hana gudan jini, wadda ake yi a fatar ciki kullum, galibi enoxaparin, ko ƙwayar da ta maye gurbinta, kuma ana ci gaba har kimanin kwana 28 zuwa 35. Da yawa suna dainawa da an sallame su saboda tsada. Ku faɗa wa likita gaskiyar aljihunku ya nemo mai sauƙi, ya fi a daina shiru. Robar fitsari a cire ta da wuri. Idan yana kwance, a riƙa juya shi duk awa biyu, a duba duwawu da dugadugai, a sa matashi a ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige ba zai taɓa katifa ba.

Akwai wani abu da ke firgita iyali: tsoho ya rikice, ya daina gane 'ya'yansa, ya riƙa ganin abin da babu, musamman da dare. Ba aljanu ba ne, ba kuma hauka ba. Ruɗewa ce da ke biyo bayan ciwo, ƙarancin jini ko ruwa, cutar fitsari, taurin bayan gida ko wasu magunguna. A sanar da ma'aikatan jinya nan da nan, a mayar masa da tabarau idan yana sawa, a bar fuskar da ya sani kusa da shi, a rage cincirindon 'yan dubiya.

Mataki na shida: gida

A gyara ɗakin kafin ya dawo. Katifar ƙasa ba za ta yi ba, a nemi gado mai tsayin da zai zauna tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa. Masan tsuguno ma a ajiye shi. A sayi kujerar bayan gida, ko kafinta ya huda kujera mai ƙarfi. A kwashe tabarmi da ledar ɗaki da ta naɗe, a ajiye tocila kusa da matashi, a sa abin riƙewa a banɗaki. Salla a kan kujera, alwala a zaune, har sai likita ya ce ƙashi ya haɗe.

Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Kafin nan kada a jiƙa wurin, kada a shafa masa komai, ko man shanu ko zuma ko garin magani. Ana komawa hoto wajen mako shida, sannan wajen wata uku. Ƙashin kan haɗe cikin wata uku zuwa huɗu, amma ƙarfin ƙafa yana iya ɗaukar wata shida zuwa shekara, kuma ba kowane tsoho ke komawa daidai yadda yake a da ba. Daga ƙarfe mai ƙafa huɗu a koma sanda, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen karayar ba. Tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana ta fi doguwa sau ɗaya. Abinci kuma ya wuce koko da shayi: ƙwai, wake, kifi, nama, nono da madara, domin tsoka da ƙashi da su ake gina su.

A koma asibiti a ranar, ba a jira ranar da aka rubuta ba, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi tare da ja, kumburi ko ruwa daga wurin ɗinki, sha-raɓa ta kumbura tana zafi, numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya soke farat ɗaya, ciwon ƙugu ya dawo da ƙarfi bayan ya lafa, ko ƙafar ta sake gajarcewa, ko ya kasa takawa bayan da yana yi. Na ƙarshen nan yakan nuna notin ya yanko kan ƙashin ko an sami sabuwar karaya a ƙasan sandar, kuma gyaransa wani aikin ne.

Ƙashin da ya karye, da ƙarfen da ke ciki

Wanda ya karye daga faɗuwar tsaye, ƙashinsa ya riga ya yi laushi, kuma ɗaya ƙugun yana cikin haɗari. Wannan ɓangare ne da ake yawan mantawa da shi da zarar ɗinki ya warke. Ku tambayi likita game da sinadarin kalsiyam da bitamin D, da magungunan ƙarfafa ƙashi irin su alendronate da ake sha sau ɗaya a mako da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe rabin awa, ko allurar zoledronate ta sau ɗaya a shekara. Matan da suka daɗe a cikin ɗaki ba sa samun rana sun fi buƙatar a duba musu wannan. A kuma binciki dalilin faɗuwar: yanar ido, jiri daga maganin hawan jini, maganin barci, ko sukari da ke sauka.

Game da ƙarfen kuwa, a tsofaffi ba a cire shi. Ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, ba ya jawo tsawa lokacin damina kamar yadda ake faɗa, kuma na titaniyom ba ya hana ɗaukar hoton MRI, sai dai a sanar da masu ɗaukar. Ana cirewa ne kawai idan ya kamu da ƙwayoyin cuta, ko kan notin yana sukar tsoka yana hana kwanciya ta wannan gefen, shi ma sai ƙashi ya haɗe sarai, galibi bayan shekara ɗaya ko fiye. Ku karɓi takardar sallama da ke ɗauke da sunan ƙarfen da kamfaninsa, ku adana ta tare da hotunan, domin kowane iri da nasa kayan kwancewa, kuma likitan da zai cire shi wata rana zai fara tambayar wannan takarda ne.